Rumfar Tol da Wayar Nafissa

Bayan sallar isha'i ne na fara jin ƙarar. Ƙyas, ƙyas, ta tsaya, ta dawo. Na ɗauka gyare ne ya maƙale tsakanin tol ɗin rufi da katako, har na tsaya ina tunanin ko gyare yana jin kukan kansa. Da na bi ta da kunne sai ta kai ni ƙofar ɗakin jikata Nafissa. Tana zaune a tabarma da madubi, tana tura haƙorinta na gaba da farce. Haƙorin yana motsi, yana bugun wayar gyaran haƙori da ke bakinta.

"Amarya, mi kike yi?"

"Angona, tafi ka kwanta, tsufa ne ke sa ka jiye-jiye," in ji ta, amma ba ta ɗago kai ba.

Shekararta goma sha biyar. Haƙoranta sun fito suna hawan juna, ƴan ajinsu suna yi mata ba'a. Babanta Amadou, ɗana, direban babbar mota ne a hanyar Agadas. Shi ya kai ta wurin wata lokotoro ta haƙori a ƙetaren gada, aka sa mata waya, aka ce cikin shekara biyu za su jeru. Ya bar mini amanarta a gidanmu na Harobanda, tunda mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa.

Ni kuwa na san waya. Shekara talatin ina ja wa masu garka shinge, daga Kirkissoye har Tondibia. Da asuba in ka taɓa ta sai ta yi kuka kamar tsirkiyar gurmi, da rana ta take sai ta saki jiki. A aji uku na bar lakwal, amma wannan da idona na gani. Na ce wa kaina, wayar baki ma waya ce. In rana ta buge ta za ta saki, haƙora su koma inda suka fito.

Ban tambayi kowa ba. Na sa aka rufe tsakar gida da tol, daga zaure har madafa. Na hana ta zuwa wanki bakin kogi. Taksi ke kai ta lakwal, hijabi har ƙasa, takunkumi a baki, na kuma roƙi malamarsu ta riƙa barin ta cikin aji lokacin hutu.

"Kaka, ko kaza ana sakinta ta sha hantsi."

"Kaza ba ta da waya a baki."

Wata goma sha huɗu muna haka. Da ta fara kukan ciwon ƙafa da kasala, na ce girma ne.

Washegarin ƙarar na kai ta wurin lokotoro. Aka ɗauki hoton muƙamuƙi, aka ɗebi jini. Da muka koma bayan kwana uku, lokotoro ta ce, "Baba, yarinyar nan tana fita rana kuwa?"

Na gyara zama, na ba ta labarin shinge da rumfa, ina jiran yabo. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ajiye biro.

Ta ce wayar da ke cikin baki zafin jiki take bi, rana ba ta sa ta saki. In waya ta ja haƙori, ƙashin da ke gabansa yana zaizayewa, sabo yana ginuwa a bayansa. Ginin nan yana buƙatar bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Na Nafissa ya yi ƙasa ƙwarai. Saiwoyin haƙoranta biyu na gaba sun gajarce.

"Ba zan ce wannan kaɗai ne dalili ba, Baba. Amma in na ci gaba da ja, za ta iya rasa su. Yau zan cire wayar."

"Yaushe za a mayar?" Nafissa ce ta tambaya.

"Sha maganin da zan rubuta miki tukuna, ɗiyata. Wataƙila ba za a mayar ba."

A kan gada muna dawowa, rana ta cika kogi har ido ba ya iya kallon ruwa. Garin da kowa ke kuka da yawanta, ni kaɗai na iya hana mutum ita. Na so in yi magana. Nafissa ta riga ni: "Ba kome, Kaka." Tun ranar ba ta sake ce mini ango ba.

Ran Asabar da hantsi na hau tsani na fara cire ƙusoshi. Da tol na farko ya sauka, haske ya faɗo tsakar gida, Nafissa ta jawo kujera ta zauna a cikinsa, ta naɗe hannun riga. Ƙarar guduma ta fito da maƙwabciyarmu Hajiya Rahama, ta leƙo ta kan katanga.

"Malam Zailani, sannu da aiki! A'a, Nafissa, an cire wayar? Barka, barka! An gama gyaran ke nan? Buɗe baki in gani, sun jeru?"