Bargon Larai

Malam Hashim ya sauko daga motar Nguru a tashar Gashua, ko rigarsa bai tsaya karkaɗewa ba ya tari keke napep. Bargonsa ya zo karɓa, kuma tun a hanya ya ƙudura ba zai saurari magiyar kowa ba.

Matarsa Larai ce ta ɗinka bargon da hannunta. Duk zanen da ya tsufa, duk rigarsa da ta mutu, sai ta yanki inda ya rage da kyau ta jona, haka har tsawon zaman aurensu. Bara ta rasu. 'Yarsu Shuhada, mai koyarwa a jami'a, ita ta lallaɓe shi ya ba ta aro saboda baje kolin tufafin gargajiya da suka shirya. Tun da bargon ya bar gidan, ɗakin ya yi masa faɗi.

Ya isa jami'ar, ya tarar da zauren baje kolin cike da mutane. Ga rigunan saƙi a rataye, ga zannuwan bunu da hulunan dara, can gefe kuma ɗalibai sun kafa wani ƙaton kifi da suka saƙa da kaba da tsohuwar komar kamun kifi. Bai kalli ko ɗaya sau biyu ba.

"Baba! Ba ka ce za ka zo ba," in ji Shuhada, ta russuna.

"Kayana na zo ɗauka."

"Haba Baba, jiya fa muka buɗe."

"Na sani. A sauko mini da shi."

Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ya rame. Ta tafi neman tsani.

Bargon na jikin bango, an baje shi gaba ɗaya. Bai taɓa ganinsa haka ba, kullum a ninke ya san shi ko a kan gado. Wata dattijuwa mai laffaya tana tsaye a gabansa, ta kai yatsa kusa da wani koren ƙyalle mai zanen tsuntsaye, ba ta dai taɓa ba.

"Malam, ka san mai wannan aiki?" ta tambaye shi.

"Na san ta, Hajiya."

"Wannan atamfar ankonmu ce. Mu biyu kaɗai muka yi ta, ni da ƙawata, a bikin yayata a Jajimaji. Ka ga nan wajen? Garwashi ne ya ƙona mata, muna soya ƙosai. Larai ce, ko? Larai 'yar gidan Goni?"

Malam Hashim ya gyaɗa kai.

Fuskarta ta washe. "Ikon Allah! Ni ce Yagana. Aure ya kai ni Maiduguri, ita aka kai ta Nguru, shi ke nan muka ɓace wa juna. Jikata ce ta ja ni nan kallo. Tana ina? Tare kuka zo?"

Ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce, "Ni ne mijinta. Allah ya yi mata rasuwa bara, bayan Sallar layya."

Yagana ta yi salati a hankali. Ta ja gefen laffayarta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ya jawo mata kujera, ta zauna, suka yi wa mamaciyar addu'a tare.

Shuhada ta dawo, wani ma'aikaci na biye da ita da tsani a kafaɗa. Mahaifinta ya ɗaga mata hannu.

"Ku dakata tukuna. Zo ki gaida uwarki."

Yagana ta riƙe hannun Shuhada, ta daɗe tana kallon fuskarta. "Goshin nan nata ne. Kin gaji muryar kuwa? Duk ƙauyenmu in ana daka, Larai ce mai ba da waƙa, mu muna amshi."

Malam Hashim ya ɗago. Duk zamansu bai taɓa jin ta ɗaga murya da waƙa ba.

"Larai?" ya ce. "Waƙa?"

"Kai, Malam! Ashe ba ka sani ba?"

Ya jawo wata kujerar, ya zauna, ya gyara babbar rigarsa a kan gwiwa.

"Hajiya, don Allah faro mini daga farko."