Hanyar da Ba Ta da Kwana

Tun kafin su kai gidan mai, Gwaggo ta fara haki. Takalmin kambas ɗin da 'yarsu ta saya mata yana cizon ɗan yatsanta, mijinta kuwa yana can gaba, hannuwa a baya, ko waiwaye babu.

"Malam, tsere muka shiga ne ban sani ba?"

Ya rage sauri kawai. Dama can haka yake. Shekaru ya yi yana tuƙa bas a garin nan, ya ajiye aiki bai ƙarar da ko rabin maganar bakinsa ba.

Likita ce ta haɗa su da wannan aiki. Makon jiya Gwaggo ta ja shi asibiti don ta tsinci mukullinsa a firji, kuma da irin haka mahaifinsa ya fara, har ya kai bai san 'ya'yansa ba. Likitar ta yi musu tambayoyi su biyun, ta ce abin da ta fi gani ke nan a tsofaffin da ke zuwa wurinta: mazan su yi ta tafiya baki a rufe, matan su yi ta hira amma ƙafa ba ta wuce kicin.

"Ƙwaƙwalwa duka biyun take so," in ji ta. "Baba, ka riƙa shiga mutane. Mama, ki riƙa bin sa tafiyar safe."

Shi bai shiga kowa ba. Ita dai ga ta a titi, gwiwa na ƙara.

Da suka iso kantin magani ta nuna wani layi ta hannun dama. "Mu bi nan, akwai inuwa."

"A'a. Miƙewa nake yi."

"Kullum?"

"Kullum. Har gada, in juyo."

Ta yi dariya. "Kai da ba lungun da ba ka shigar da bas ba?"

Ya kalli takalmansa. "Kwanakin baya na shiga layin nan. Da na ɓulla ta can, sai na rasa ina ne gida. Na yi ta yawo har Allah ya sa na hango gidan mai."

"Ba ka faɗa wa likita ba."

"Ba ta tambaya ba."

Duk unguwa yabonsa ake yi, wai tsoho mai ƙwazo, ashe hanya ɗaya tak ta rage masa. Tsoro ya kama Gwaggo sosai, amma ba ta bari ya gani ba. Ta gyara mayafi ta karya kwana.

"Ka ga gidan can mai shuɗiyar ƙofa? Na mai kitso ne, wadda mijinta ya ce zai je sayen batir, shiru har yau shekara ta zagayo. Na kusa da shi na tela ne, mai rantsuwa da gobe. Daga bishiyarsa sai hagu, sai bayan gidanmu."

Bai motsa ba. Ta ci gaba da tafiya tana ɗingishi, ba ta waiwaya ba, kunnenta dai yana baya. Can sai ta ji takunsa.

Sun wuce bishiyar tela kafin ya yi gyaran murya.

"Shi mai batir ɗin, an ji inda yake?"

"An ji mana," ta ce. "Gobe in ka kawo mu ƙofar nan da kanka, sai in faɗa maka."

Ya tsaya, ya juya, ya ƙara kallon shuɗiyar ƙofar da kyau.