Yatsun Baba Mai Agogo

Kujerar ƙarfe ce ta fara tashi sama. Ta daki gilashin ɗakin ɗiban jini, ya tarwatse, masu ciwon suga da ke layi suka watse kamar kaji. Sista, ma'aikaciyar jinya da ke kula da su a cibiyar binciken jami'ar, ta fito a guje. Sai ta ga wanda ya jefa kujerar. Baba Mai Agogo ne, dattijon da ya shekara biyu ana gwada sabon magani a kansa, mutumin da ko taka shi ka yi, shi zai ba ka haƙuri. Yau gumi ya jiƙa shi sharkaf, idanunsa sun juye, yana ɗura ashar ta uwa ta uba.

"Baba, ni ce fa!"

Bayan hannu ya ba ta. Leɓenta ya fashe, ta ji gishirin jini a baki. Amma a wannan taɓawar ta ji fatarsa sanyi ƙalau, nan take ta gane sugansa ne ya faɗi warwas. In ba a ɗura masa ruwan suga cikin 'yan mintuna ba, sai dai gawa.

Masu gadi kuwa ba ruwansu da wannan ilimi. Su biyu suka faɗo da kulake, kai ka ce ɓarawo aka kama.

"Ya sha ya bugu ne! Ku ba mu wuri!"

Na farko ya zuba masa a gadon baya. Baba ya tangaɗa, ya dafe tebur da hannun dama. Na biyu, wani ƙato mai zuciyar dutse, ya sauke kulki a kan yatsun. Ƙarar da ta fita irin ta busasshen kara ce.

Sista ta faɗa kan Baba don ta kāre shi, duka na uku ya same ta a kafaɗa.

"Ku dakata, marasa imani! Ciwo ne, ba maye ba! Ku danne min hannun hagun!"

Sai da mutum huɗu suka taru a kansa. Yana shure-shure, yana cizo, sau biyu allura na kuskure jijiya. A na uku ta shiga.

Tana durƙushe tana haki ta hango wata takarda da ta faɗo daga aljihunsa. Rubutunta ne. Makon jiya ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙen takardar cibiyar, ita kuma, uwar tausayi, ta kwafe masa da manyan haruffa: kada ya ci komai sai an ɗebi jini. Layin ƙarshe, wanda ya ce kada ya yi allurarsa ta safe mai rage suga, wuri ya ƙare mata, ta ce za ta faɗa masa da baki. Ta manta. Shi kuwa mai gyaran agogo ne, ƙarfe shida daidai ya yi allurarsa, ya zo ya zauna da cikin wofi awa uku, saboda Farfesa, shugaban binciken, na zagayawa da baƙin da ke tallafa wa binciken.

Can Baba ya buɗe ido, ya dube ta a hankali.

"'Yata, wa ya fasa miki baki?"

"Ƙofa ce, Baba."

Ya ɗago hannun dama. Yatsu uku sun karkace, sun kumbura, waɗanda da su yake kama ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo.

"Kun dai ɗebi jinin ko? Kar yunwar nan ta tafi a banza."

Ba ta iya gaya masa cewa ruwan sugan da ta ɗura masa ya riga ya ɓata gwajin yau ba. Ta tallafo hannun a tafinta, ta ƙwala wa masu gadin tsawa su kawo keken marasa lafiya.