Dogo Mai Wushirya

Ranar da aka zaɓi ɗana Nuraddeen shugaban 'yan kasuwar hatsi na Tambuwal da Kebbe, kafin la'asar Ɗangiwa makaɗi ya iso ƙofar gida da waƙa cikakkiya. Nan na fara zargi. Na koyar da waƙoƙin Turawa har na yi ritaya, ban taɓa ganin baiti ya nuna da wuri haka ba.

Mawaƙan littattafan nan suna son tsayawa a kufan fadar wani sarki, su ce mulki ya tafi, gini ya rushe, waƙa kaɗai ke riƙe sunan mutum. Haka na koya wa yara, ban taɓa bincikawa ba. Ashe Nuraddeen ya riƙe.

"Inna, kujerag ga ta ɗan lokaci ta," ya ce da ni. "Ke kinka ce waƙa ita ka wanzuwa. Gonar Kebbe nika son ba Ɗangiwa ranar walima."

Gonar marigayi mahaifinsa ce, a bakin fadama. Shinkafarta muke ci.

"To, a sake min amshin in ji."

Ya kunna min a waya. "Dogo mai wushirya, Nuraddeen, kowa ya ja da kai ya faɗi."

Na dube shi. Nuraddeen da ƙyar yake kai kafaɗar matarsa, haƙoransa kuwa a haɗe suke kamar zubin masara.

"Wane ne dogon?"

"Salon waƙa na, Inna. Tsawon daraja aka nufi."

"Wushiryar fa? Ita ma ta daraja ta?"

Ya kashe wayar ya fita.

Dogo ɗaya na sani da ya taɓa hawa kujerar nan, Alhaji Maccido na Kebbe, tun Nuraddeen yana firamare. A zamaninsa ba a auna buhu sai ya ɗaga kai. Yanzu a tasha yake wuni a kan benci, 'yan kabu-kabu na masa tsiya. Na aika a ɗauko shi ranar walima, ban gaya wa kowa dalili ba.

Aka zaunar da shi can baya. Ɗangiwa ya saki kiɗa, ni kuwa ta labulen zaure bakin tsohon nake kallo. Leɓɓansa na riga makaɗin isa kowane baiti. Da aka zo amshi sai ya miƙe da sandarsa, ya rufe muryar 'yan amshi duka.

"Dogo mai wushirya, Maccido!"

Kiɗa ya tsaya. Tsohon yana dariya da hawaye, babu haƙori ko ɗaya a gaban bakinsa. Ya ratsa mutane ya kama hannun Nuraddeen.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Na zaci an mance da ni. Waƙata ta! Gonata ta Jabo nib ba Ɗangiwa a kanta."

Nuraddeen ya juya ga makaɗin. "Ɗangiwa, mi nika ji?"

Ko gezau makaɗin bai yi ba. Ya gyara ratayar gangarsa. "Ranka shi daɗe, waƙar kujera ta. Wanda duk ad bisa, shi muka sawa ciki."

"In na sauka fa?"

"Allah shi kai mu, ranka shi daɗe."

Ɗana ya dubi tsohon. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa makaɗin, bai ambaci gona ba. Ɗangiwa ya juya rigar yana duba aikin wuyanta, fuska ba yabo ba fallasa.

Maccido bai lura da komai ba. Ya ja hannun makaɗin.

"Sake min ita, Ɗangiwa. Amma yaranka sun ɓata sunan, ka gyara musu."

"A sake mishi," in ji Nuraddeen.

Bana ma shinkafar Kebbe muka ci.