Harshen Goggo Dumbulwa

Badaru ya zazzage jakarsa a kan tabarma karo na uku. Riguna sun zubo, fasfo ya zubo, ƙunshin da yake nema babu.

"Goggo! Wa ya taɓa mini jaka?"

Goggo Dumbulwa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta zo hajji tun yana goye ta zauna a unguwar Harra ta Yamma a Madina, ta fito daga kicin riƙe da farin kwano, baki har kunne.

"Duwatsun karatunka? Ga su, ya waladi. Na wanke su da zamzam, Allah ya sa albarka."

Ya leƙa. Fararen faifai ashirin da huɗu, kowanne kamar maɓallin riga, kwance tsirara a kwano ɗaya.

"Takardun da na naɗe su a ciki fa?"

"Akwai rubutu a jiki, ai ba a zubarwa a shara. Na ƙona."

"Innalillahi!" Ya zauna daɓas.

Shekara biyu ke nan yana gasa su a jami'a a Zariya. Garin ma'adinin zirkoniya ne, kowanne da ma'aunin sinadarin itiriya da ya zuba masa, kowanne da zafin wutar da ya sha. Jibi zai wuce Ingila ya auna yadda lantarki ke ratsa su, digirinsa kacokan a kan wannan yake. Ziyara ce kawai ta tsayar da shi Madina. To, ka auna me, alhali ba ka san wanne ne wanne ba?

"Goggo, kin kashe ni," ya ce. "A ido ɗaya suke, a ciki kowa da halinsa. Wanda ya gasu sosai ƙwayoyinsa sun manne, lantarki ya sami hanya. Wanda bai gasu ba duk ƙofofi ne. Ga kuma gaurayen, kamar kanwa a miya: ya yi kaɗan bai yi ba, ya yi yawa ya ɓata."

Fara'ar ta gudu daga fuskar tsohuwa. Kunya ta kama ta, har tausayinta ya fara cin Badaru. Sai ta zauna, ta ɗauki faifai ɗaya ta ɗora a harshe.

"Goggo, ba a ci!"

"Yi mini shiru. Kafin na san Madina tukwane nake ginawa a Kusada. Wanda wuta ba ta gama da shi ba yana kama harshe."

Ta lasa, ta ƙwanƙwasa shi a bakin kwano, ta karkata kunne, ta ajiye dama. Na gaba ya tafi hagu. Badaru ya saki baki yana kallo. Har aka kira la'asar tana lasa tana warewa, suka tashi kashi uku.

"Khalas. Wannan ɗanye, wannan tsaka-tsaki, wannan ya ƙoshi da wuta."

Ya ƙirga da yatsa. Takwas, takwas, takwas. Wuta iri uku ya yi musu, kowace da takwas.

"Goggo... saura gaurayen. Wanne ya fi itiriya?"

Ta goge baki da gefen mayafi, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ni da ban shiga aji ba na yi maka rabi. Kai da Turawanka ku ƙarasa."