Ranar da Mabel Ta Dawo daga Faransa

Wilf Sugden ya rataya tsohon buhu a tagar ɗakin tantabaru, ya danne bakinsa da bulo. Ciki ya yi duhu. Tantabarun suka yi tsit.

"Ƙofar saman fa?" in ji Denise. Ita ce mai kula da gidan tsofaffin. Ta turo baro ta jingine shi a jikin ɗakin, ta ɗora masa cebur da manjagara.

"A buɗe za ta zauna."

"Wilf, 'yan majalisa ne fa za su zo duba gida."

"Mabel na hanya. Ba a rufe wa mai dawowa ƙofa."

Denise ta dafe goshi. Gidan na ƙaramar hukuma ne. Kowane tsoho da ɗakinsa da makullinsa, da igiyar da zai ja idan ya faɗi. Dokar gida ta yarda da kifi a kwalba, ko ɗan tsuntsu guda a keji. Daga nan babu ƙari. Shi kuwa wannan ɗaki na katako a ƙarshen lambu, a wurin hukuma ma'ajiyar kayan noma ce. Idan aka ga abin da ke ciki, za a kwashe tantabarun. Wilf kuma ya riga ya faɗa wa kowa, ranar da aka fitar da su, a fitar da shi.

"Ka ce sai yamma za ta iso, ko?"

"Haka na ce jiya."

"Yau fa?"

Wilf ya ɗaga kai ya dubi tutar da ke kan rufin makarantar da ke makwabtaka da su. Tana kaɗawa zuwa arewa. Da sassafe sakataren ƙungiyar masu tseren tantabara ya bugo waya. An saki tantabarun tseren daga Faransa, har da tantabararsa Mabel, sama garau, iska a bayansu. Tun lokacin Wilf bai zauna ba. Ya yi rabin rayuwarsa a ramin kwal, ya yi tsere a kowace bazara, bai taɓa cin na Faransa ba. Clifford Barraclough ne ke cinyewa, ya zo mashaya yana buɗe hanci.

"Yau iska ce ke da magana," in ji shi.

Baƙin, su huɗu, sun iso bayan abincin rana. Aka tara tsofaffi a falo. Wilf ya ɗaura laktaye, ya zaɓi kujerar da ke kallon kudu ta taga. Gwangwanin masara na cikin aljihun kwat ɗinsa, ya dafe shi da hannu don kada ya yi ƙara.

Shugabar kwamitin ita ce Kansila Holroyd, mace mai jiki da murya, cikin jar riga kamar garwashi. A bayanta akwai Mista Speight, jami'in gidaje, siriri, ya ƙanƙame jaka a ƙirji. Sauran biyun tun daga ƙofa idonsu na kan teburin shayi.

Aikin teburin na Edna ne, makwabciyar Wilf. An shirya da ita ta riƙe baƙi da kek har lokacinsu ya ƙare. Kala uku ta gasa.

"Ƙara wannan, Kansila. Kin rame. A hoton zaɓe kin fi haka kumatu."

Kansila ta yi dariya ta karɓa. Ta bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Abinci fa? Idan an ja igiya ana zuwa da wuri? Masu taya wanka suna zuwa kan lokaci? Ta iso kan Wilf.

"Kai fa, Mista Sugden? Me ke damunka?"

Idonsa na sama. Edna ta zungure shi.

"Ƙarfen riƙewa," in ji shi. "A banɗaki. Tun hunturun bara waccan na nema. Sau biyu ina zamewa."

Kansila ta juya. Mista Speight ya gyara murya.

"Yana kan layi, Kansila. Ana dubawa."

"Ana dubawa," in ji Edna. "Layin makabarta ma ya fi naku sauri."

Falo ya kwashe da dariya. Wilf bai yi ba. Ya daɗe yana tanadar wa mutanen nan magana a kan ƙarfen. Yau ga su a gabansa, maganar ta gudu. Gajimare kawai yake kallo.

Kansila ta ajiye kofi ta kakkaɓe hannu. "An kawo mana ƙorafi a kan hanyar lambu. Wai ta tsattsage. Mu je mu gani."

"Ba ki taɓa mai lemun tsamin ba!" in ji Edna.

"Zan tafi da shi."

"Sanyi ake yi a waje."

"A watan Yuli?"

Denise ta kalli Wilf. Wilf ya riga ya miƙe, ya kama sandarsa.

Suka fita. Mista Speight ya sunkuya yana nuna tsagar siminti da biro. Kansila tana tambaya. Taku kaɗan ya rage tsakaninsu da ɗakin katako. Denise ta tsaya a gaban baro ta buɗe kafaɗu, kamar za ta iya ɓoye ɗaki guda da jikinta.

Wilf ne ya fara gani. Ɗigo ɗaya, can saman hasumiyar coci. Ba ya kewaye kamar tantabarar gari. Miƙe yake zuwa, kamar an harbo shi.

Ya tsaya cak.

Ɗigon ya zama fuka-fuki. Shuɗiya ce, mai farin gashi guda a fiffiken hagu. Ta naɗe fiffike ta sulalo ƙasa, kai tsaye zuwa ƙofarta. Sai ta hangi jar riga. Ta yi sama da sauri, ta kewaya, ta sauka a kan rufin babban gini. Ta tsaya tana karkata kai.

Duk wanda ya taɓa tsere ya san wannan azaba. Isowa gida ba ita ce nasara ba. Sai tantabara ta shiga ɗaki, a cire zoben robar da ke ƙafarta, a jefa a agogon tsere mai buga lokacin isowa. Wadda ta zauna a rufi tana gyaran gashi, ta faɗi, ko da ta riga kowa tsallake teku. A can ɗaya gefen gari kuma Clifford na tsaye a bayan gidansa, babu ko jar riga ɗaya a kusa da shi.

Baƙin ba su lura ba. Idan Wilf ya yi shiru, za su gama da simintinsu su tafi. Tantabarun su tsira. Mabel ta shigo a makare, kamar kowace.

Denise ta ga hannunsa ya shiga aljihu. Ta girgiza masa kai. Bakinta ya ce, kada.

Wilf ya dubi tsuntsuwar. Ƙirjinta na hawa da sauka. Tun asuba take bugun iska, ba ci ba sha, don ta iso wannan ƙofa.

Ya zaro gwangwani ya kaɗa. Kacau-kacau-kacau!

"Ke, mai jar riga! Tuɓe ta!"

Kansila ta juyo. "Da ni kake?"

"Tuɓe ta, ki durƙusa! Kai ma, mai jaka! Ƙasa! Kada wanda ya motsa!"

Murya ce ta ramin kwal, wadda ake jin ta idan rufi zai rufto. Ba a yi mata gardama. Mista Speight ya tsuguna kafin ya san ya tsuguna. Sauran biyun suka bi. Kansila ta cire riga, Edna ta fizge ta cusa ƙarƙashin ƙyallen girkin da ta ɗaura.

"Me ke faruwa?" in ji Kansila.

"Shhh!" Daga tagogi amsar ta zo. Duk tagogin gidan a buɗe suke, kowace da farin kai a ciki.

Wilf ya yi fito, siriri, sau biyu. Ya kaɗa gwangwani a hankali. "Zo, 'yata. Zo gida. Zo mana, zo."

Mabel ta taka zuwa bakin rufi. Ta dubi manyan gari huɗu a tsugune cikin ciyawa. Ta dubi Wilf. Ta koma baya taku ɗaya.

"Wayyo, za ta kashe ni," in ji Edna cikin raɗa.

"Zo, shegiya mai taurin kai. Zo, 'yar albarka."

Ta buɗe fiffike. Ta wuce ta saman kan Mista Speight har gashinsa ya motsa. Ta dira a katakon ƙofa, ta sunkuyar da kai, ta faɗa ciki.

Wilf ya yar da sanda. Ya ture baro, cebur da manjagara suka zube. Ya banka ƙofa ya shige. Hannu ɗaya ya kama ta, ɗaya ya zare zobe. Ya jefa a agogo, ya murɗa. Ƙas!

Gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Ana tafi, ana buga cokali a jikin taga. Wani tsoho da ba a taɓa jin muryarsa ba yana ihu, "Ta shiga! Ta shiga!" Edna ta riga ta manna waya a kunne, tana kiran matar Clifford.

"Ya ku ke? Shiru? Ko gashi ɗaya? Ayya. Ki ce masa ya ci gaba da kallon sama." Ta kashe, ta ɗaga hannu biyu. "Ba su ga komai ba! Wilf, tsohon banza, ka ci su!"

Wilf ya fito da Mabel a hannu. Laktayensa ya koma kafaɗa. Yana haki, yana dariya ba sauti. A bayansa ƙofa a buɗe, tantabaru jere a kan katako suna kallon baƙi.

Mista Speight ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Wannan ba ma'ajiyar kayan noma ba ce."

"Idonka lafiya lau," in ji Edna.

"Dokar gida ta hana. Dole a kwashe su. Denise, kin san da wannan?"

"Ba ta sani ba," in ji Wilf.

"Na sani," in ji Denise. "Da aka kawo shi, bayan ya faɗo a matakalar tsohon gidansa, ba ya ci, ba ya magana. Masu kula sun zo, likita ya zo. Waɗannan ne suka tashe shi daga gado."

"Duk da haka," in ji Mista Speight. "Za mu nema musu wani wuri. Akwai masu kiwo a bayan gari."

"Kai su," in ji Wilf. "Kai su Scotland in ka so. A nan aka ƙyanƙyashe su. Za su riga ka dawowa."

"To, idan haka ne..." Mista Speight bai ƙarasa ba. Kowa ya san ƙarshen maganar: sai dai a yanka su.

Kansila har yanzu tana ƙasa, gwiwa ta ƙi. Wilf ya nuna sandarsa da haɓa, Denise ta miƙa mata, ta dogara ta tashi. Ta matso kusa da shi.

"Daga Faransa? Yau ɗin nan?"

"Taɓa nan."

Ta sa yatsa biyu a ƙirjin tsuntsuwar. Zuciyar na bugawa kamar za ta fasa ƙashi. Kansila ta daɗe ba ta janye hannu ba.

"Wa ya kafa dokar, Mista Speight?"

"Kwamitinku, Kansila."

"To ba ni da ikon ɗage ta a tsakiyar lambu. Kai ma ba ka da ikon taɓa komai idan magana na gaban kwamiti. Haka ne?"

"Haka ne."

"Na kai ta gaban kwamiti. A sa ta a layi."

Mista Speight ya buɗe jaka. "A ina zan sa ta?"

"Ba mu tsallake layi a wannan majalisa." Ta karɓi rigarta daga hannun Edna, ta karkaɗe garin fulawa. "Sa ta bayan ƙarfen Mista Sugden. Idan an gama wancan, sai a duba wannan."

Suka tafi, kek mai lemun tsami a hannun ɗaya daga cikinsu.

Wilf ya zuba wa Mabel ruwa da zuma kaɗan. Ya zauna a kan bokiti yana kallon tana sha. Denise ta tattara cebur da manjagara, ta cire buhun daga taga. Haske ya shiga.

"Ranar Litinin zan buga musu waya kan ƙarfen nan, kamar kullum," in ji ta. "Yanzu da Kansila ta ji da kunnenta, wataƙila su yi sauri."

Wilf ya shafa ƙugunsa, inda ya bugu a zamewar ƙarshe. Har yanzu wurin na ciwo idan za a yi ruwa.

"Bar su," in ji shi.

"Wilf, za ka sake faɗuwa."

"Edna na da 'yar kujerar roba ta mijinta. Zan yi wanka a zaune." Ya miƙa yatsa ya gyara wa Mabel farin gashin nan. "Kada ki dame su. Mutane ne masu aiki da yawa."