Gishirin da Aka Sayo a Liwan

Abdul-Jalil mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma son araha ya yi masa yawa. In ya ga abu a kasuwa ba suna ba hoto, aka ce masa ya fi na kanti sauƙi, to ya saya ya gama, ko bai san na mene ne ba. Haka ya shigo wa matarsa Abiba da wata ƙatuwar leda cike da farin gishiri daga kasuwar sari ta Liwan, ya dire a kicin yana washe baki. Washegari ya wuce tashar jiragen ruwa zai loda kayan da zai aika Ghana.

Ni Ramlatu, daga Kano na biyo mijina Nababa da ke karatun injiniya a Guangzhou. A shekarar 1998 ake wannan zance, lokacin da in ka ga baƙin mutum a titi sai ka tsaya ku gaisa. Nababa na fita makaranta nake ɗaukar mayafina in nufi unguwar Sanyuanli wurin Abiba, don zaman ɗaki ni kaɗai ya kusa haukata ni. Ita 'yar zangon Kumasi ce, ta girme ni, ga hannu a burodi. Da ɗan ƙaramin obin ɗinta take gasa wa 'yan kasuwarmu da ke tsoron abincin gari. 'Ya'yanta biyu, Nusrat mai shekara bakwai da ƙaninta Saddique, ɗan lukuti da bai daɗe da barin nono ba.

Abiba ba ta fita. Bizarta ta ƙare tun farkon zafi, mijinta kullum sai ya ce mako mai zuwa zai gyara, makon ya ƙi zuwa. Ya ja mata kunne cewa in ɗan sanda ya tsayar da ita, jirgi za a sa ta, shi kuma kasuwancinsa ya watse. Tsoron ya shige ta har ƙashi. Ko takalmi mai nauyi ta ji a matakala sai ta kashe rediyo ta toshe bakin Saddique da hannu.

Ranar da abin ya faru kaka ta shigo, zafin nan mai danƙo ya lafa, iska ta bushe. Maƙwabta sun rataye naman aladensu a baranda yana shan iska, mu kuwa mun rufe tagar ɓangarensu. Bikin watansu ya kusa, yaran layi suna yawo da fitilun takarda, wata kifi, wata zomo. Nusrat ta manna hanci a gilashi tana kallo har ta fara hawaye.

"Mma, mu ma mu sauka mana."

"Ba inda za ki," in ji Abiba. Sai ta sassauta. "Zo in nuna miki abin da ya fi nasu."

A gidan burodin da ta yi aiki a Kumasi, suna yin burodin ado da ba a ci. Fulawa da gishiri mai yawa da ruwa, a murza, a siffanta, a gasa ya yi tauri kamar kasko. Gishirin girkinta saura kaɗan a kwalba, sai ta ce mini, "Ramlatu, ɓalle wancan na Baban Nusrat, ya yi mana amfani." Na ɓalle. Fari ne tas, ɗan laushi, da ɗan rawaya-rawaya in ka ƙura ido. Ni dai gishiri na gani.

Wallahi mun ji daɗin wannan yammacin. Muka baje tabarma, kowa da curinsa. Nusrat ta yi 'yar tsana da kitso, ta yi mata tukunya da murhu. Ni na ce zan yi rago, Abiba ta kalla ta ce wannan ai kwaɗo ne ya sha duka. Saddique yana ta murza nasa da tafin hannu yana cewa mota ce. Burodin gaske yana obin, ƙamshin man shanu da sukari ya cika ɗakin.

Bayan la'asar yaron ya zo ya kwanta a cinyata. Saddique da ba ya zama wuri guda ko an ɗaure shi.

"Anti, kaina."

Na shafa goshinsa, ba zafi. Sanyi ma na ji, da gumi. Kafin in yi magana ya yunƙura ya yi amai a zanina. Na ɗago fuskarsa zan goge masa baki. Leɓensa ya koma ruwan toka. Na buɗe bakinsa, harshen da dasashin sun yi shuɗi-shuɗi kamar ya lashi baban rini. Na duba faratansa, haka suke.

"Yaya Abiba! Zo ki ga yaron nan!"

Ta fito da tire a hannu, ta sake shi a ƙasa. Ta fizge shi daga jikina tana jijjiga shi tana kiran sunansa. Yana numfashi da sauri-sauri, idonsa na lumshewa, wuyansa ya saki. Ta hau tofa masa addu'a, ta ce iska ce, tun jiya ta ji jikinta bai ba ta ba, in miƙo mata habbatussauda a kan firji.

"Wace iska? Asibiti za mu, yanzun nan."

"Mu jira Babansu."

"Babansu yana bakin teku! Kafin ya zo me kike so ya tarar?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofa. Na ga ƙafarta ta ɗaga ta koma. "Za su tambayi takarda, Ramlatu. Za su raba ni da su."

Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, matar da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Na ce ta zauna ita da takardarta, ni tawa lafiya lau take. Na ƙwace yaron na saɓa a kafaɗa na yi waje. Ina jin ta tana kuka a bakin ƙofa, ba ta tsallake dokin ƙofar ba. Nusrat ce ta biyo ni a guje, ƙafa ba takalmi, fulawa har gwiwar hannu.

A titi tasi ta farko ta wuce mu, ta biyu ma direban ya leƙo ya ƙara wuta. Ni kuwa na shiga tsakiyar titi na tsaya, wanda ya ga dama ya take mu. Wani dattijo ya taka burki yana zagi da yarensu. Na buɗe ƙofa na shige, na nuna masa bakin yaron. Zagin ya tsaya nan take, ya fizgi mota.

Tsoron da na ji a motar nan ban taɓa jin irinsa ba. Ɗan mutane ne a hannuna, na ƙwato shi daga hannun uwarsa da ƙarfi. In ya cika a cinyata, da wane baki zan koma? Ina jin ƙirjinsa yana bugawa fat-fat-fat a jikina kamar na ɗan tsako. Na riƙa kiran sunansa, wani lokaci ya motsa yatsa, wani lokaci shiru. Nusrat ta ƙanƙame gefen mayafina.

A asibiti kuma wani sabon tashin hankali. Sinancina na cefane ne, sannu, na gode, nawa ne, babu. Wata nas ta taɓa goshinsa, ta sa masa ma'aunin zafi a hammata, ta nuna mini benci in jira. Ba ta ga komai a fatarsa ba, don ba ta san yadda baƙin yaro yake in yana lafiya ba, balle in ba shi da ita. Na bi ta ina janye leɓensa ina nuna mata, tana ɗaga mini hannu wai in yi haƙuri. Sai na kurma ihu. Ihu na gaske, irin na gidan mutuwa, har ɗan sandan da ke zaune a tebur kusa da ƙofar shiga ya miƙe tsaye.

Ihun ne ya fito da wata likita, gajeriya mai furfura. Ta haska bakinsa da tocila, ta ce a ɗebi jini. Da jinin ya hau sirinji sai na ga nas ɗin ta ja baya. Jinin ba ja ba ne. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar an dama koko.

Nan fa aka hau gudu. Suka ɗora shi a gado, suka rufe masa hanci da abin iska. Likitar ta juyo kaina da ɗan Turancinta, tana nuna baki: me ya ci? Na ce burodi, shayi, shinkafa da rana. Ta girgiza kai, ta sake tambaya, da ƙarfi wannan karon. Ta ce akwai allurar da za ta iya yi masa, amma tana so ta san gubar da take yaƙa, kuma lokaci na tafiya.

Nusrat ta ja mayafina.

"Anti, ya ci motarsa." Muryarta da ƙyar take fita. "Ya ciji taya, ya ce da daɗi. Na ce ya tofar, ya haɗiye. Kar ki gaya wa Mma."

Na ce wa likita fulawa ce kawai da gishiri. Ta ƙura mini ido. Wane gishiri? Daga ina? A kawo shi, yanzu.

Nababa yana aji a wancan ƙarshen gari, Abdul-Jalil ba a san inda za a same shi ba. In na koma da kaina na dawo, na bar yaro ba mai jin yarensa. Mutum ɗaya ce ke kusa da ledar nan. Suka ba ni wayar tebur, na buga gidan, na kuskure lamba na sake.

Bugu ɗaya ta ɗauka. "Ya mutu?"

"Yana nan da rai. Yaya, gishirin nan ne. Likita na son ganinsa kafin ta yi masa allura." Ban iya ɓoye mata ba. "Akwai ɗan sanda a ƙofa."

Ina jin numfashinta. Sai na ji ta ajiye wayar, ko sallama babu.

Ban san ko za ta zo ba, wallahi ban sani ba. Na tsaya a bakin gadon ina kallon ƙofa ina kallon yaro. Ya daina motsa yatsa. Likitar ta zuƙi wani ruwa shuɗi a sirinji ta riƙe, tana duban agogon bango, tana duban bakinsa. Na ga alamar ko an kawo ko ba a kawo ba, ta kusa yanke shawara. Ni dai ba abin da ke bakina sai ya Hayyu ya Ƙayyumu.

Sai ga Abiba. Da zanin aikinta, ɗankwali ya zame, ledar a rungume a ƙirji. Ɗan sandan ya miƙa hannu zai tsayar da ita, ta bi ta gefensa kamar ba ta ga mutum ba. Likitar ta buɗe ledar, ta murza a yatsa, ta karanta ɗan rubutun da ke can ƙasan ledar, wanda mu duka muka ɗauka ado ne. Ta yi wata ƙara, ta juya ta soka allurar.

Daga baya Nababa ya fassara mana. Ba gishirin ci ba ne. Hodar da masu shanya nama suke barbaɗa ɗan mitsitsi ce don kada ya lalace, shi ya sa ta cika kasuwa da kaka.

Muka tsaya a kansa. Abiba ta riƙe ƙafarsa da hannu biyu. A hankali, a hankali, shuɗin ya fara janyewa daga leɓensa. Likitar ta buɗe bakinsa ta haska, ta kira Abiba da hannu ta zo ta gani. Harshen ya koma ja. Abiba ta durƙushe a wurin ta kifa goshi a ƙarfen gado, kafaɗunta na girgiza.

Ɗan sandan ya ba ta lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tsaya daga baya har ta miƙe, sannan ya matso ya yi magana a hankali. Ba ta jira a fassara mata ba. Ta zaro fasfo daga ƙugun zaninta ta ba shi, ashe da shi ta fito. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya nuna mata hanya su tafi.

Ta gyara ɗankwalinta. Ta shafa kan Nusrat, ta sunkuya ta sumbaci tafin ƙafar Saddique da ke barci har yanzu.

"Ramlatu, ba ya shan shayi da zafi. Ki fifita masa."

Na bi bayansu da ido har suka sha kwana. Ban daɗe da zama a bakin gadon ba yaron ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi Nusrat, ya juya kai yana neman wata fuskar.

"Anti, ina Mma?"

Nusrat ce ta hau gadon ta kwanta a gefensa, ta ɗora hannunta a cikinsa yadda uwarsu take yi.